Daga Wasan Kara Zuwa Kan Tebur: Wa Zai Rubuta Damagaram?

Idan kaka ta yi, aka yanke hatsi aka ɗaure dammuna, abin da ke saura a gona kara ne. A yawancin ƙasar Hausa da shi ake danni, a hura wuta da ragowar. Samarin Damagaram kuwa sun daɗe da samo masa wani aiki: da shi suke kafa gwamnati. Wasan kara, wanda Zinder ta yi suna da shi a faɗin Nijar, biki ne da ake raba wa matasa muƙaman manya. Kowa ya shiga rigar wanda aka ba shi, ya ɗauki tafiyarsa da muryarsa, har da yadda yake ɗaga hannu in zai gai da jama'a. Kayan aiki kuwa, daga bindiga har na'urar ɗaukar hoto, da kara ake haɗa su.

Jerin muƙaman shi ne abin lura. Sarki na nan da fadawansa da dogaransa. Amma ga gwamna, ga ministoci, ga hafsoshin soja, ga shugaban ƙasa da kansa. Babu ɗayansu da Damagaram ta sani a lokacin da ganuwar Birnin Zinder ke tsaye da ƙofofinta. Duk sabon mulkin da ya zo, wasan ya shimfiɗa masa tabarma, bai kori na dā ba, bai kuma watse ba. Haka kalankuwa ta yi a ƙauyukan arewacin Najeriya, inda bayan zuwan Turawa samari suka riƙa naɗa gwamna da likita da ɗan sanda a gefen sarki da alƙali.

Wannan gwaninta, ta shigo da sabuwar duniya cikin wasan da ke tafiya ba tare da an ɓata shi ba, ita ce manyan kamfanonin wasa na Amurka suka shafe shekara arba'in suna nema. Ya kamata mutanen Damagaram su san labarin, domin akwai rabonsu a ciki.

Wasan nasu na kan tebur ne. Mutum huɗu ko biyar ko shida za su zauna, ɗaya ya zama jagora: shi ke riƙe da labari, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, da sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Jagora ya ce, kun iso bakin rijiya da almuru, ga sawun raƙuma sabo amma ba kowa, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, a haɗa lambar da ta fito da makin jarumin, a ga ko ya yi nasara. Ba a buƙatar waya ko lantarki. Tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta, kuma ba ta ƙarewa a dare ɗaya. Ana iya shekara ana jan labari guda, mako bayan mako.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR a jihar Wisconsin. A 1980 kamfanin ya kafa ƙungiyar 'yan wasa mai suna RPGA, a 1987 kuma ƙungiyar ta fara wani tsari da ya sauya komai. Jarumin da mutum ya raina a garinsu, yana iya ɗaukar takardarsa ya tafi wani gari, ya zauna a teburin mutanen da bai taɓa gani ba, a karɓe shi da duk makin da ya tara da duk kayan da ya samu. Dubban tebura suka zama labari ɗaya.

Daga nan matsala ta taso. Muddin jarumi na yawo daga tebur zuwa tebur, abin da aka ƙara a wuri ɗaya ya shafi kowa. Kamfani zai fitar da sabon littafi mai sabuwar ƙasa da sababbin al'ummu da makamai, 'yan wasa kuma suna ɗokin shiga. In aka bar wanda ya sayi littafin ya zo da makamin da ya fi na kowa, wanda ya shekara biyu yana tafiya da tsohon littafi ya koma ɗan kallo. In aka hana, wasan ya tsufa, mutane su gaji su kama gabansu.

Tsarin da ke aiki yanzu, Adventurers League, wanda aka buɗe a 2014, ya gwada hanyoyi da dama. Shekaru da yawa dokarsa ita ce jarumi ba ya ɗibar kaya sai daga babban littafin 'yan wasa da wani littafi guda tak, don kada mai kuɗin sayen littafi goma ya danne mai guda biyu. A 2016, da aka shigo da ƙasar Barovia mai ban tsoro, sai aka yi amfani da labarin kansa: hazo ne ya kewaye ƙasar, jarumin da ya shiga ba ya fita sai ya samo hanya a cikin wasa. A 2018 kuma aka zo da Eberron, duniyar da ke da jirgin ƙasa da jiragen sama da sojojin ƙarfe masu rai. Wannan karon masu tsarin suka ga ba ta haɗuwa da tsohuwar duniyar takobi da doki, suka ware mata rajistarta daban. Jarumin Eberron a Eberron yake zama. (Ita kanta Eberron daga gasa ta fito. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya ce duk mai sabuwar duniya ya aiko da ita a shafi ɗaya. Aka samu kusan 11,000, ta Keith Baker ta ci, aka buga ta a 2004.)

Amma gwajin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ya gudana daga 2000 zuwa 2008 da sunan Living Greyhawk. Masu shi suka ɗauki taswirar ƙagaggiyar duniyar Greyhawk suka ɗora a kan taswirar duniyar gaske. Kowane yanki na gaske aka ba shi ƙasa guda ta cikin wasa, ta zama tasa. Ostireliya da Niyuzilan suka samu Perrenland, Birtaniya da Ailan suka samu Onnwal. A kowane yanki akwai kwamitin mutum uku, 'yan sa-kai daga cikin 'yan wasan wurin, su ke rubuta labaran ƙasarsu ko su tace waɗanda aka kawo, su ke yanke abin da ya faru da sarakunanta da garuruwanta. Labarin yanki kuma ba a buga shi sai a cikin yankin. Wanda ke son jaruminsa ya ga Onnwal, sai ya yi tattaki da ƙafarsa zuwa Birtaniya. Kwamitin ƙoli bai riƙe komai ba face dokokin da suka haɗa kowa da manyan labaran da ake bugawa ko'ina.

Sakamakon haka, kowace ƙasa ta ɗauki ƙamshin mutanen da ke riƙe da ita, baƙo kuma ya san shi baƙo ne. A nan akwai abin da ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai. Ƙasar da aka ba Faransa sunanta Ekbir, daula ce mai halifa, an zana ta bisa kamannin ƙasashen Musulmi. Shekara da shekaru Faransawa ne ke yanke yadda halifa zai yi magana da abin da malamansa za su ce. Ba laifinsu ba ne. Su ne ke zaune a teburin. Wanda ya zo shi ake ba alƙalami.

Haka Afirka ta sha shiga waɗannan wasanni ta hannun wasu. A 2002 kamfanin Atlas Games ya buga Nyambe, ƙagaggiyar nahiya da aka gina daga tarihi da tatsuniyoyin Afirka. A 2017 Dungeons & Dragons ya kai dukan teburansa ƙasar Chult, kurmi mai cike da dodanni da kufai, 'yan wasa baƙaƙen fata a Amurka suka fito a jaridu suna sukar yadda aka dunƙule nahiya guda aka mai da ita daji mai jiran baƙi su zo su tono dukiya. Sukar ta yi amfani. A 2021 kamfanin Paizo ya sake rubuta yankinsa na Mwangi da hannun marubuta da dama baƙaƙen fata, aka ga birane da makarantu da kasuwanni a inda dā ba a ganin komai sai kurmi. A 2022 kuma Wizards of the Coast ya fitar da Journeys through the Radiant Citadel, labarai 13 waɗanda babu farar fata a cikin marubutansu. Ci gaba ne, kuma a yaba. Sai dai duk da Turanci aka rubuta su, don kasuwar Amurka da Turai, kuma ƙasashen da ke ciki haɗin gambiza ne, ɗan Mali, ɗan Habasha, ɗan Kwango. Yaron Zangon Zinder ko na Mirya ba zai ga unguwarsu a ciki ba.

Ra'ayin wannan shafi shi ne Damagaram ta isa ta zama duniyar wasa da sunanta, da harshenta, a hannun 'ya'yanta, kuma a fara tun kafin wani ya riga su.

Kayan aikin a jibge suke. Daula ce da ta taso a ƙarƙashin inuwar Borno, ta ɗauki sarautu irin su Ciroma da Kaigama da Galadima, sannan ta yi ƙarfin da ta riƙa yin gaban kanta. Sarki Tanimun, wanda ya yi fiye da shekara talatin a kan gado ya rasu a 1884, ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin garin, ya tara 'yan bindiga. Ayarin raƙuma sun riƙa tashi daga Zango da fatu da gashin jimina su ratsa Agadas su nufi Tarabulus. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, a zamanin Amadu Kuran Daga, sarkin da ya kai yaƙi har ƙasar Kano. A Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, gari ya faɗa hannun Faransawa. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, ba a mai da sarautar ba sai 1923. Zinder ta riƙe hedikwatar mulkin Nijar har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin, ya rubuta tarihin daular a 1971, ya kuma mai da rayuwar Tanimun wasan kwaikwayo. Mahamane Bakabé ya yi fim a kan al'amarin 1906. Duk wanda zai rubuta littafin wasa yana da inda zai dafa.

Sai dai ba daga fada ya kamata a fara ba. A fara daga Gidimuni.

Garin na gabas da Zinder, bayan Mirya, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Diffa. Abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa ruwa ne: tafki a tsakiyar tuddan rairayi, wanda a 2019 aka sa shi cikin jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, tare da na Madarunfa. Kewayensa lambuna ne da itatuwan dabino, yankin kuma an san shi da kanwa. Ta wannan shiyya, tsakanin ƙasar Muniyo da Birnin Zinder, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi a ƙarshen 1852 yana fitowa daga Kukawa. Inda ruwa yake a ƙasar rairayi, nan kowa ke sauka: Bahaushe mai lambu, Babarbare mai kanwa, Bafillace da shanunsa, Buzu da raƙumansa, manzon sarki da wasiƙarsa. Jagoran wasa ba ya neman abin da ya wuce wannan, wato wurin da mutane daban-daban ke da dalilin haɗuwa da dalilin saɓawa.

Su ma jaruman ba sai an ƙirƙiro su ba. Ayarin fataken Hausa ya zo da nasa rabon aiki tun asali. Akwai madugu, wanda ke yanke shawara ya kuma yi ciniki da masu gari. Akwai jagaba, wanda ya san hanya da rijiyoyi. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. A ƙara da maƙeri da ke kan hanyarsa ta zuwa aikin igwa a Birni, da majemi, da jakadiya mai ɗauke da saƙon cikin gida. A ce ayarin ya sauka bakin tafkin da kayan kanwa za shi Kano, da safe aka ga jaki biyar sun ɓace, mai gari na zargin baƙin da suka sauka a ɗaya gefen, ga kuma mahayan sarki suna tafe nan da kwana biyu don karɓar haraji. Wuri nawa ya rage a jakar madugu? Wa za a aika ya bi sawu? Wa zai je gaban mai gari, kuma da wace gaisuwa? Zaman sa'a uku ke nan, ba a zare takobi ko sau ɗaya ba, kuma yaran da suka buga shi sun tashi sun san mene ne wuri, me ya sa kanwa ke da daraja, da nisan Gidimuni da Kano a ƙafar jaki.

Har dokar sasanci akwai ta a ƙasa. Wasan barkwanci tsakanin al'ummu, irin na Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana iya zama ƙa'ida a littafin: jarumin da ya tarar da abokin wasansa a tsakiyar rigima yana da damar kashe wutar da zolaya, kuma a ba shi maki a kan haka fiye da wanda ya yi duka. Babu littafin Amurka da ke da wannan doka, domin babu marubucinsu da ya tashi da ita.

Tebura ma a shirye suke. Kowace unguwa a Zinder da garuruwan kewaye tana da fadar matasa, inda ake kwana ana dafa shayi ana hira, da shugabanta da ma'ajinta da sunanta a jikin bango. An yi ta magana a kan ɓangaren da ya lalace, wato ƙungiyoyin 'yan daba, har Aïcha Macky ta yi fim a kan unguwar Kara-Kara a 2021. Amma yawancin fadodin samari ne masu lokaci da yawa da abin yi kaɗan. Kuma ƙasar ta san wasan da ba a rubuta maganarsa ba. A zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Zinder, musamman ta su Yazi Dogo, sun riƙe ƙasar baki ɗaya ta rediyo da talabijin. Janet Beik, wadda ta yi nazarinsu ta buga littafi a 1987, ta nuna cewa 'yan wasan kan yarda ne a kan ƙashin labari kawai, maganar kuwa kowa daga bakinsa take fitowa a fage. Wannan shi ne ainihin aikin ɗan wasan tebur.

To ta yaya za a shigo da duniyoyin ba tare da rikici ba? Damagaram ba ɗaya ba ce. Cikin shekara saba'in ta zama ƙasa uku: ta Tanimun, ta Kuran Daga da yaƙin Tirmini, da ta zamanin kwamanda da tafinta da aikin tilas. Bindigar da maƙeran Birni suka sani, mai ɗurin baki, ba ta kama ƙafar wadda Faransawa suka zo da ita ba. In aka bar ɗan wasa ya ɗauko bindigar 1899 ya koma da ita bakin tafkin Gidimuni na zamanin Tanimun, ya kashe wasan kowa. Maganin shi ne wanda aka yi wa Eberron: kowane zamani da rajistarsa, jarumi ba ya tsallakawa, amma ɗansa ko jikansa na iya gadon sunansa da sana'arsa a zamani na gaba. A kan wannan sai a ɗora tsarin Greyhawk. Gidimuni ta riƙe labarin Gidimuni da kwamitin mutum uku, malamin makaranta da dattijo masanin tarihin gari da ɗaya daga cikin matasa. Mirya ta riƙe nata, Gure nata, Magarya nata. Sabon gari ba ya shiga taswira sai mutanensa sun kafa kwamitinsu sun rubuta shafinsu. Wasan kara ya riga ya nuna ruhin dokar: bindigar soja da takobin dogari duk na kara ne, shi ya sa sabon shiga bai taɓa fin ƙarfin na dā ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Ta farko ƙwayar da ake jefawa. Hadisan da suka yi hani ga wasan nardi sanannu ne, suna cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, malaman wannan yanki kuma ba sa sassauci a kan abin da ya yi kama da caca. Bai kamata a yi wa wannan kunnen ƙashi ba. Abin daɗi, ƙwayar ba ita ce wasan ba. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jefa komai a cikinsa: jagora na duba makin jarumai da dabarar da ɗan wasa ya kawo, ya yanke hukunci. Wasan Damagaram ya bi wannan hanya tun daga shafin farko, a kuma kai daftarin gaban malaman gari kafin a kai shi wurin buga takardu.

Ta biyu sihiri. Littattafan Amurka cike suke da ƙagaggun gumaka da matsafa. Ko a can, coci-coci sun tayar da ƙura a shekarun 1980, har TSR ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Babu abin da ya tilasta wa kowa kwaso wannan. Rajistar tarihi ta tsaya a kan abin da ɗan Adam ke iyawa da hannunsa da hankalinsa. Yara ƙanana kuma a buɗe musu ta tatsuniya, da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, waɗanda kakanni suka daɗe suna ba da labarinsu a tsakar gida ba tare da imanin kowa ya girgiza ba. A nan ne ma ya kamata a nemi mata su zama jagorori, domin su ne asalin masu riƙe da labari.

Ta uku ta fi nauyi. Arzikin Damagaram na ƙarni na 19 bai rabu da hari da cinikin bayi ba, kuma jikokin waɗanda suka kama da na waɗanda aka kama suna zaune yau a aji ɗaya. Nijar ba ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta ba sai 2003. Littafin da ya share wannan babi ya yi wa yara ƙarya. Wanda kuma ya bar ɗan wasa ya tara maki da kama mutane ya yi abin da ya fi ƙarya muni. A rubuta shi yadda ya faru, a hana shi zama hanyar cin nasara, kada kuma a ambaci sunan wani gida ko zuri'a. Haka ma gidan sarauta, wanda ke nan da ransa da martabarsa: sarakunan tarihi su zauna a hannun jagora, su yi abin da tarihi ya tabbatar sun yi, kada wani ɗan wasa ya ce shi ne Tanimun. A je fada a nemi izini da shawara tun farko, yadda ake yi a duk abin da ya shafi sunan masarauta.

Maganar kuɗi kuwa gajeriya ce. Takarda da fensir da kwafi goma sun isa a fara. Ko wanda ke son aron ƙashin dokokin Dungeons & Dragons ba ya buƙatar biyan kowa, domin a Janairun 2023 Wizards of the Coast ya saki ainihin ƙa'idojin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, an kuma fitar da su da Faransanci. Kowa na da ikon fassara su zuwa Hausa, ya cire abin da bai dace ba, ya ƙara nasa, muddin ya ambaci inda ya samo.

Wasan tebur bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba tukuna, kuma wannan shi ne dalilin hanzari. Wanda ya fara rubuta littafin shi ke kafa dokar da na baya za su bi. Kira ga malamai da ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Zinder, da shugabannin gidajen matasa da al'adu, da hukumar gundumar Gidimuni, da masu shirya wasan kara: ku zauna a wannan rani ku fitar da shafi ashirin da Hausa, taswirar tafkin da hanyoyin da suka ratsa shi, jarumai shida na ayari, da labari uku na gwaji. Ku ba fada biyar da makaranta biyu su buga, ku saurari ƙorafinsu, ku gyara, sannan ku aika wa Mirya da Gure su kafa nasu kwamitin.